Damuwar likitocin dabbobi da haɗarin kashe kai

Hadiza: Assalamu alaikum. Ƙanena likitan dabbobi ne a Amurka, kuma tun da ya fara yi wa karnuka marasa lafiya allurar ƙarshe, wato ta kashe su, a gaban masu su, walwalarsa ta ɗauke. Shin fargabata tana da tushe?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Tana da tushe, 'yar'uwa, domin binciken da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta fitar a 2019 ya nuna cewa kashe kai tsakanin likitocin dabbobi maza ya ninka na sauran jama'a sau 2.1, na mata kuwa sau 3.5.

Dakta Asabe: Ɗaya daga cikin abubuwan da ke ci musu rai shi ne kashe dabbar da za ta iya warkewa, don kawai mai ita ba shi da kuɗin magani. Hadiza, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, sannan ki roƙe shi ya kira 988, lambar agaji ta Amurka ga masu tunanin kashe kansu.