Shingen McNamara: Musayar Waƙa Kan Masanan da Suka Yi wa Soja Raɗa

Malam Mai Alli:

Da sunan Allah na buɗe, masu baiti ku matso,
Zancen yau na nesa ne, amma bai tsufa ba.

A 1960 Amurka ta tara masana,
Sunansu JASON, ba a san su a fili ba.

Farfesoshin fizis, hutu ya zo su keɓe,
Makonni ana lissafi, ƙofa ba a buɗe ba.

Su ke zaɓen wanda zai shiga sahunsu,
Soja ya kawo tambaya, bai zaɓi mai amsa ba.

A 1966 McNamara, sakataren tsaro,
Bam na ta sauka Biyetnam, yaƙi bai lafa ba.

Suka duba hujja, suka gaya masa a rahoto,
Ruwan bam a Biyetnam ta Arewa bai karya gwamnatinta ta Hanoi ba.

Suka ce a gitta shinge a hanyar Ho Chi Minh, mai kai kayan yaƙi Kudu ta Lawos,
Shingen kunnuwa, wanda ido bai gani ba.

Dala miliyan 800 suka ƙiyasta duk shekara,
Injiniya, buɗe mana cikinsa, ban ƙarasa ba.

Injiniya:

Malam, na karɓa, ga yadda abin yake,
Na'ura ce, ADSID sunanta, siffarta ta turke,
Jirgi ya sako ta, ta nutse a ƙasa ta kafe,
Eriya kaɗai a waje, kamar tsiro ta fake.

Cikinta akwai majiyin girgizar ƙasa,
Da batir, da rediyo mai kai saƙo nesa,
Mota ta wuce, ko sawun mutum ya gusa,
Sai ta buga lambarta zuwa jirgi can bisa.

Ƙanwarta mai jin sauti daga ruwa aka ɗauko,
Ta farautar jirgin ƙarƙashin teku ce tun farko,
Da 'yar laima ake sakinta ta sauko,
Ta maƙale a reshe shiru, ta zama tarko.

Jere ake shuka su a gefen hanya,
Ta ɗaya ta yi kuka, ta biyu ta taya,
Tazarar kukan ke nuna gudun taya,
Da inda ayari ya dosa, gaba ko baya.

Jirgin EC-121R na shawagi dare da rana,
Ya tura saƙon cibiyar Nakhon Phanom, a Tailan aka gina,
Kwamfutar IBM 360 ta tace, ta auna,
A kira mai bam a ce masa ga wurin ƙuna.

Hajiya Mai Lissafi:

Sannu Injiniya, ka faɗi zanen takarda,
Bari in faɗi na daji, inda lissafi ya ƙi yarda.

Jirgi mai gudu ya yar da turke a duhun kurmi,
Wa ya san inda ya faɗa, kan tudu ko a rami?

Kuskuren wurin na'ura shi ne kuskuren bam,
Kunne ya ji daidai, hannu bai sami mota ba sam.

Batir makonni ne ya mutu, sai a sake shuka,
Wata dutse ya fasa ta tun ba ta fara kuka.

Ruwan sama, aradu, da bama-bamai su kansu,
Duk girgiza ce, turke bai cika bambance su.

Masu hanyar kuma ai sun gano dabara,
Su koro dabbobi, su kunna kaset na inji ya yi ƙara.

Na'urar sansano mutum kuwa, bokitin fitsari
Suka rataya a reshe, ta yi ta kiran hari.

Ɗan Auta:

Hajiya, a yi adalci, a sansanin Amurka na Khe Sanh, 1968,
Kunnuwan sun ji taruwar dakaru cikin hazo tas.

Hajiya Mai Lissafi:

Haka ne ƙanena, gadin sansani guda daban,
Hanya mai rassa, a tare nan ta ɓulla can, daban.

Baba Mai Tarihi:

'Ya'yana, kun tsaya kan ƙarfe da waya,
Ni rahoton nake bi, ba na'urar ba.

Kaya biyu ya ɗauko, gargaɗi da shinge,
Aka sauke shinge, ba a taɓa gargaɗin ba.

Wata bai cika ba aka ba Janar Starbird aikin shinge,
Bam a Arewa sai 1968, kafin nan bai tsaya ba.

Da ya tsaya can sai ya koma kan Lawos,
Shinge ya zama ɗan jagora, bai zama madadi ba.

Mai shawarar ɓoye an ɗaure masa harshe,
A yanke rabin zancensa, bai isa ya tona ba.

Sai 1971 takardun sirrin Pentagon, ma'aikatar tsaro, suka fasa ƙwai,
Jarida ta buga abin da ba a so a ji ba.

A 1972 Gell-Mann ɗan JASON, mai lambar Nobel,
Ya je lacca Paris, matasa ba su bar shi ba.

Malam Mai Alli:

Baba, a gafarce ni, akwai shafi na biyu,
Na 1967, wanda ba ka karanto ba.

Mutum huɗu cikin JASON, har Dyson da Weinberg,
Suka auna amfani da ƙaramin bam ɗin nukiliya, ba su yaba ba.

Abokin gaba a warwatse yake a kurmi,
Sansanin Amurka a cunkushe, bai sami maɓoya ba.

In an fara, aka miƙa wa wancan irinsa,
Mai tarin kaya zai fi ƙuna, ba mai goyon buhu ba.

Shekara talatin da ɗoriya yana kulle,
Masu jifan JASON a lokacin ba su gan shi ba.

Hajiya Mai Lissafi:

Malam, na ji naka, ga lissafin da ya saura,
Tan miliyan 2 da ɗoriya a Lawos aka tura.

'Yan ƙananan bam miliyan 270 aka watsa,
Kusan kashi 30 cikin ɗari suka kwanta ba fasa.

Kamar lemo girmansu, ciyawa ta rufe su,
Har yau fartanyar manomi tana tono su.