Wani zai sayar min da robot ɗin foreks, ya ake gane na gaskiya?

Ɗan Pantami:
Salam 'yan uwa, masu harkar foreks (cinikin kuɗaɗen ƙasashe ta intanet) don Allah ku ba ni shawara. Akwai wani gaye mai guruf a Telegram kullum sai ya ɗora hoton riba, yau dala 300 gobe 500, wai robot ne, wato wata manhaja, ke masa tiredin yana barci. Ya ce in kawo dubu 80 ya saka min a MT5 ɗina (manhajar da ake tiredin da ita), kuma wai a ciniki 100 guda 95 riba ne. Ni ɗan POS ne, kuɗin adashen da zan ɗauka ƙarshen wata nake son sawa shi ya sa gabana ke faɗuwa. Na ce ya nuna min shaida sai ya turo bidiyonsa cikin mota yana ƙirga kuɗi.

Abba Tumfure:
Hhh mota ai haya ake ɗaukowa ɗan uwa. Hoton riba kuwa ko ni yanzu zan haɗa maka, demo kawai zan buɗe da kuɗin bogi, ko in buɗe akawun biyu ɗaya in saya ɗaya in sayar, wanda ya ci shi zan ɗora. Ka ce ya ba ka fasiwod ɗin inbesta, wanda ake leƙa akawun da shi amma ba a iya taɓa komai, ko ya haɗa akawun ɗin da Myfxbook, shafin da ke nuna tarihin cinikin akawun, ka ga tarihin shekara guda cur, na kuɗin gaske ba demo ba. Kuma kar ka tsaya kan ribar, duba asara mafi muni da ya taɓa yi.
Wannan 95 ɗin ma ita ta fi ba ni tsoro wlh. Irin robot ɗin na saya bara, ashe in ya faɗi sai ya ninka kuɗin ya sake shiga, ya faɗi ya ƙara ninkawa, wata biyu ina ta murna ina cin dala biyar biyar har na fara kallon mashin a kasuwa, rana ɗaya farashin gwal ya yi tsalle ina masallaci, kafin in fito dala 400 ta koma 11. Da na yi magana sai mai shi ya ce wai jarina ne ya yi kaɗan.

Malam Bolari:
Ka tambaye shi ko dole sai ta linkinsa za ka buɗe akawun. Yawancinsu dillalan buroka ne, wato kamfanin da ake buɗe akawun ɗin tiredin a wajensa, duk cinikin da ka shiga suna da kamasho ko ka ci ko ka faɗi. A Turai ma da hukumarsu ta duba a 2018, kashi 74 zuwa 89 na ƙananan 'yan tiredin CFD (ciniki kan hawa da saukar farashi ba tare da ka mallaki kayan ba) asara suke, shi ya sa aka tilasta wa kamfanoni rubuta gargaɗin asara.

Sadiq GSU:
Amma fa ba duka ba ne Malam, wanda ya koya min sigina (alamar lokacin saye ko sayarwa) yana ɗora har ranar da ya faɗi, kuma bai taɓa cewa in ba shi kuɗi ya juya min ba.

Maman Ihsan:
Ƙanina MMM ta rufe Disambar 2016 mun ga kuka, CBEX ma Afrilun 2025 haka, kuma dukkansu da hotunan riba aka ja mutane. In ya kai ga cewa kawo kuɗinka in juya maka, fara duba ko yana da rajista da SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari a Najeriya. Ni da ka ƙara jarin POS ɗinka da kuɗin adashen nan.

Ɗan Pantami:
Na gode Aunty. Yaya Abba na nemi fasiwod ɗin, ya ce sirrin kamfani ne, sai kuma ya ce saboda ni ɗan gida ne in kawo dubu 50 kafin sha biyun dare. Na sake maganar Myfxbook, yanzu na duba ya cire ni daga guruf ɗin.