Sauraron Faifan Waƙa a Na'urar DVD

An yi muhawara kan ko na'urar DVD za ta wadatar wajen sauraron faifan waƙa na CD. Waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa kusan kowace na'urar DVD tana karanta faifan CD, ba sai an sayi na'urar CD daban ba. A kan sauti aka yi ja-in-ja. Wasu sun ce kunne ba ya bambance sautinta da na na'urar CD, wasu suka ce na'urorin DVD masu araha suna rage armashi wajen juya bayanan faifai zuwa sauti. Dabarar ita ce a haɗa na'urar DVD da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ta wayar dijital maimakon ja da farar waya, amfilifayar ta yi juyin. Ni ma nan na karkata.

Sai dai na'urar DVD tana da jinkirin buɗe faifai. Wadda ba ta da allon gaba kuwa, sai an kunna talabijin kafin a ga lambar waƙa. Wasu tsofaffin kan ƙi faifan da aka kwafa a kwamfuta.