Inbata a gaban tirela: wace kalma zan sa?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Gobe da safe zan miƙa rubutun shirin rediyo na direbobin manyan motoci, kan zaɓen inbata da ɗaura ta a gaban mota. Edita ya ce ba ya son jin Turanci. Inbata ita ce na'urar da ke karɓar wutar batir ta mai da ita irin ta gida, direba ya jona kwamfuta ko ƙaramin firji. Don Allah a taimaka kafin dare.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Majuyi, ƙirar mabuɗi da madubi. Majuyin wuta.

Mai gyaran wutar mota: Allah ya gafarta Malam, caja ma juya wuta take yi, daga ta gida zuwa ta batir. Ga kuma wadda ke rage ƙarfin wuta daga bolt 24 zuwa 12. Direba ya je ya ce majuyi, wanne za a miƙo masa? Yawancin tirelolin Turai bolt 24 ne, na Amurka 12. Ka jona inbata mai 12 a mota mai 24, ko ta ƙi aiki ko ta ƙone. An taɓa kawo mini motar da aka jawo wuta daga batir ɗaya cikin biyun don a sami 12. Ɗaya ya yi sanyi, ɗayan caji ya yi masa yawa, duka biyun suka tafi.

Malama mai fassara: "Mai mai da wutar batir ta gida" fa?

Mai tambaya: Ma'ana ta fito, Malama, amma ta yi tsawo, kuma za ta yi ta maimaituwa a shirin.

Malamin Hausa: To juyau, kamar mantau da makarau. Gaɓa biyu. Abin da ke damuna shi ne saurin miƙa wuya. Yau inbata, gobe me? Mu da ke rubutu in ba mu ƙirƙira ba, wa zai yi?

Tsohon direba: Malam, batir da ka bari ya wuce fa? Mota ma aro ce. Harshe ya tauna ta, ta zama tamu.

Malamin Hausa: Baba, waɗancan sun shigo babu mai tsaron ƙofa. Jirgin ƙasa da wayar hannu ai mu muka raɗa, kuma sun zauna.

Malama mai fassara: Sun zauna don jama'a sun karɓa. Juyau kuwa sai ka ce laƙabin mutum.

Malamin Hausa: Kowace kalma baƙuwa ce ranar farko.

Mai gyaran wutar mota: Ku bar ni in faɗa wa ɗan'uwa abin da bai kamata ya faɗi daga shirin ba. Ramin kunna sigari ba ya ɗaukar fiye da wat 150 ko kusa da haka a mota mai bolt 12. Babbar inbata daga batir ake jawo ta kai tsaye, da waya mai kauri, gajera, da fis dab da kan batir. Wat 1000 a bolt 12 ya haura amfiya 80, wato yawan wutar da ke bi ta wayar. A 24 rabin haka ne. Siririyar waya zafi za ta ɗauka har robarta ta narke, ga katifar direba a gefe. Kada a cusa ta inda fankarta ba ta samun iska. A duba ƙarfin da take bayarwa a kai a kai, ba babbar lambar da ke jikin kwali ba, don firji na fizgar wuta lokacin tashi. Kuma a sayi mai kashe kanta in batir ya yi ƙasa, kada asuba ta yi mota ta ƙi tashi.

Mai tambaya: Na gode, Oga. Saura ɗaya: me zan kira inbata iri biyun nan, mai wuta sumul da mai arha da ke sa na'ura gurnani.

Tsohon direba: Mai tsabtar wuta da mai ƙazantar wuta. Haka za mu gane.

Malamin Hausa: Wannan kam na yarda. Kun ga Hausa na iyawa.

Mai tambaya: Ga abin da zan yi. A farko zan ce "inbata, wato majuyin wutar batir zuwa ta gida", daga nan sai inbata kawai. In edita ya ƙi, zan karanta masa bayanin Oga.

Malamin Hausa: Ban gamsu ba, amma tunda majuyi ya shiga, Allah ya ba da sa'a. Ni dai a aji juyau zan ci gaba da cewa.