Tambaya kan tattaki a Hanyar Likiya, Turkiyya

Ɗalibin Ankara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Ankara, ina so in yi hutun Agusta a Hanyar Likiya, wadda ta bi tsaunukan bakin teku daga Fethiye zuwa Antalya. Ni dai a hawan dutse Dala ce iyakata. Wani kamfani ya ce zai haɗa mu da ɗan jagora, motarsu kuma ta riƙa kai jakunkunanmu masauki na gaba. Ko ya cancanci kuɗin?

Baban Yara:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka janye Agusta. Rana ce mai ƙuna, dutsen kuma ba inuwa, ruwan sha yana wuya tsakanin ƙauyuka. Ka bari sai Afrilu, Mayu ko Oktoba. Hanyar ta haura kilomita 500, masu jagora yanki kawai suke ɗauka. Na bi daga Ovacık zuwa Faralya da Kabak, gwiwata ta gaya mini a gangaren Kabak. Ka sayi takalmi mai kauri tun yanzu, ka saba da shi.

Maman Biyu:
An shafa fenti ja da fari a kan duwatsu don nuna hanyar tun 1999, amma wasu wuraren ya dushe. Ga karnukan makiyaya, manya ne ƙwarai. Tunda karon farko ne, ka ɗauki jagoran.

Ɗalibin Ankara:
Na gode Yaya, na gode Anti. Abinci da salla fa?

Baban Yara:
Ƙauyukan Musulmi ne, akwai masallatai, abincin gida za ka ci. Ka sauka filin jirgin Dalaman, ya fi kusa da Fethiye.