Wai ciwon baifola kala-kala ne?

Maman Ilham, Daura:
Salam ƴan uwa. Dan Allah ƙanina ne likita ya ce yana da baifola (ciwon ƙwaƙwalwa mai sa yanayin mutum hawa da sauka) nau'i na 2, to amma ɗan maƙwabcinmu ma sunan da aka ce mashi ke nan kuma shi har sai da aka kwantar da shi, namu kuwa ƴan kwanaki ne zai yi ta surutu ba barci, yana lissafin kasuwancin da zai buɗe, daga nan sai ya shige ɗaki sati biyu ko wanka sai Inna ta yi da gaske. Ciwo ɗaya ne? Yanzu ma ya aje magani wai ya warke.

Abu Sadik, Ƙofar Sauri:
Hajiya iri-iri ne. Na 1 shi ne hawan, wato lokacin zumuɗi da rashin barcin nan, ke yin tsanani ya kai kwana 7 ko a kwantar da mutum, ya rabar da jarinshi, wani har ya ce shi babban waliyyi ne. Na 2 hawan bai kai haka ba, kamar kwana 4 ne, shi ya sa gida ba su ganewa sai su ce yaro ya samu kuzari, amma baƙin cikin da ke biyo baya shi ne mugun, wallahi kar ku raina shi. Akwai na ukku mai sauƙi-sauƙi da ke hawa da sauka har shekara 2 ko fiye. Ajiye maganin nan shi ya fi tada mani hankali, jin sauƙi alama ce maganin na aiki, ku maida shi wurin likitanshi cikin satin nan.

Anti Nas:
Wane aka ba shi? In litiyam ne dole a riƙa gwajin jini ana duba ƙoda da tayirod (wani ƙullin nama a wuya), ya sha ruwa sosai da zafin nan namu, kar ya sayi daikulofinak ko ibufurofen a kemis, suna sa maganin ya taru a jini. In azumi ya matso ku tambayi likita tukun. Akwai wasu magungunan baifola kamar kwatiyafin, olanzafin, lamotirijin. Balfurowet kuma ba a so ga mace mai haihuwa, yana illata jariri. Maganin damuwa shi kaɗai zai iya tunzura hawan.

Baba Malam:
Ƴata, a yi addu'a a yi ruƙiyya, amma kar wani ya ce maku aljanu ne a zubar da ƙwaya. A hana shi kwana ido biyu a waya. In kuka ji yana maganar gara ya mutu, ranar za ku kama hanyar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, kar a bar shi shi kaɗai.

Maman Ilham:
Na gode, Allah saka da alheri. Litiyam ne. Gobe da safe ni da yayanmu za mu raka shi in sha Allah.