Ƙarfe a Jikin Ɗan Adam

Jikar Hajiya, Malali

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwa. Makon jiya aka yi wa kakata aikin yanar ido a asibitin ido na ƙasa da ke nan Kaduna. Da na tambayi abin da aka yi mata, sai aka ce ƙwayar da ta yi hazo aka fitar, aka sa ta roba. Jiya da la'asar na tarar da ita a tsakar gida tana ɗinke bakin ɗankwali. Ga abin da ya zo mini. Amsa-amon "ra" ne, duk mai amsawa ya riƙe mini shi.

Da sunan Allah da ya sanar da Adamu
Sunan kome, ya ba zuriyarsa basira.

Hajiyarmu shekara huɗu tana lalube,
Ba ta fita sai da sanda da ɗan jagora.

Likita ya kwashe hazon, ya sa ta roba,
Yau da kanta take sa zare a allura.

A Landan, 1949, aka soma wannan,
Likita Ridley ne ya zo da dabara.

Ya ga matuƙan jirgin yaƙi da tsinin roba
A idonsu, ido bai ƙi shi ba, sai ya lura.

To ku gaya mini, a idon nan na Hajiya,
Wanne ne na haihuwa, wanne ne na ƙira?

Ni dai murna nake da abin da ke tafe,
Jiki da ƙarfe za su zauna babu kyara.

Wanda ke jin tsoro ya matso kusa,
Ga tabarma na shimfiɗa, mu yi hira.

Nas ta Barnawa

Ƙanwata, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, a gaishe ta. Ki tabbata ana ɗiga mata maganin a kan lokaci, kada kuma ta murza idon. Na karɓa:

Ke ido kika gani, ni na ga zuciya
Mai tafiya da batir, ba ta makara.

A Suwidin, 1958, Arne Larsson
Aka buɗe wa ƙirji aka sa na'ura.

Ta farko awowi kaɗan ta yi ta tsaya,
Aka sa wata, aka yi ta sauyi da gyara.

Bawan Allah ya kai har 2001,
Likitan da maƙerin duk sun riga shi ƙaura.

Kunne ma haka, a Ostireliya, 1978,
Aka sa wa kurma waya, ya soma saurara.

Uwa ta yi shekaru tana magana da hannu,
Yau in ta kira ɗanta yana amsa kira.

Baba na Kakuri

'Ya'yana, ku yi wa tsoho afuwa. Na gwada "ra" ɗinku, ta ƙi ɗaukar abin da ke cikina. Da "ba" zan amsa. Jikana ke rubuta mini.

Kuna zancen haɗuwa da inji kamar sabon abu,
Ni na haɗu da shi tun ba a haife ku ba.

Masaƙar Kaduna ta tashi a 1957,
Daga nan Kakuri ba ta ƙara sanin dare ba.

Jiniya in ta yi kuka, kekuna sun cika titi,
Mai tuwo ba ta taɓa komawa da saura ba.

Masaƙun da yawa, a ɗaya na ƙarar da ƙuruciya,
Hannuna da na injin ba za ka rabe su ba.

Ina jin zare zai tsinke tun kafin ya tsinke,
Wannan ilmi ba a allo na karanta shi ba.

Ƙararsa ta ci kunnena na hagu, na yafe,
Na ɗauka aure ne, ban san zaman haya muke ba.

Masaƙar KTL ta rufe a 2002, ta UNTL a 2007,
Jiniyar da na sani ba ta ƙara kuka ba.

Ku je ku ga ciyawa inda auduga ke zama atamfa,
Jemagu kam ba su rasa masauki ba.

Abokan aikina wasu gadi, wasu kabari,
Wasu har yau ba su cire kakin daga akwati ba.

Injin waje in ya sake ka, ka ja acaɓa,
Na cikin ƙirji in ya sake ka, ba ku faɗa ba.

Ɗan Poly, Tudun Wada

Baba, Allah ya ja kwana. Ba musu nake da kai ba, ni ma da kuɗin masaƙa aka yi mini suna. Amma zan mai da mu kan "ra", kada baƙin ciki ya cinye zaman.

Baba, dubi wayar da ke hannun jikanka,
Kafin 2001 sai wasiƙa da jira.

Yau mai rake a Kawo na karɓar taransifa,
Manomi na jin farashin hatsi daga karkara.

Jirgin ƙasa na tashi a Rigasa tun 2016,
Asuba a gida, hantsi a Abuja ziyara.

A 1997 Deep Blue ta zauna da Kasparov,
Kwamfuta ta ka da sarkin duniya a dara.

Mutane suka ce shi ke nan, dara ta ci gida,
Ga shi har yau ana bugawa, manya da yara.

Janairun 2024, wani saurayi a Amurka,
Noland Arbaugh, jiki ya shanye, kai ne saura.

Kamfanin Neuralink ya dasa masa abu kamar kwabo,
Da zaruruwa cikin ƙwaƙwalwa, siraran ƙira.

Ya yi nufi a zuci, kibiya ta motsa a allo,
Ba hannu ba ƙafa, da tunani yake tura.

Masanin kwamfuta Ray Kurzweil har ya sa rana, 2045,
Hankalin mutum da na inji za a tattara.

Har tsufa yake sa ran za a ka da shi,
In ana rubuta suna, da ni za a fara.

Malam na Rigasa

Bismillah. Ɗana na Poly, ka saki linzami da yawa, bari in riƙe maka kaɗan. Kada kuma wani ya ɗauka addini gaba yake da ƙarfe.

Akwai sura guda mai sunan ƙarfe,
Allah ya ce akwai amfani a ƙarfe,
Dawuda an tausasa masa ƙarfe,
Ya saƙa sulke, Annabi ne mai ƙira.

Arfaja sahabi ya rasa hanci,
A yaƙin Kulabu aka sare hanci,
Na azurfa ya yi masa wari a hanci,
Manzo (SAW) ya ce na zinariya ya ɗora.

Don haka ido da kunne da zuciya,
Duk abin da zai mai da wa bawa lafiya,
A dasa shi, magani ne bisa gaskiya,
Mai neman waraka ba ya ja da ƙaddara.

Amma batun ka da mutuwa, ɗana,
Ajali ba ya duba batir ko rana,
Larsson ya daɗe, to yau yana ina?
Zuciyar da ba ta makara ta hau makara.

Ruhi al'amarin Ubangiji ne,
Ilmin da aka ba mu kaɗan ne,
Wanda aka kwafa a kwamfuta hoto ne,
Hoton ƙwarya ba ya shayar da fura.

Ɗan Poly, Tudun Wada

Na janye batun mutuwa, Allah gafarta Malam,
Amma a bar mini hanci da ido da saura.

Maƙerin Panteka

Sai yanzu na wanke hannu. Baba na Kakuri ya yi tambaya, kowa ya zagaye ta kamar kududdufi. Ni da guduma nake ci, bari in taka.

Ni ba na tsoron ƙarfe, abokin cin tuwona ne,
Tambayata ɗaya: in ya lalace wa zai gyara?

Peugeot ta soma haɗa mota a Kakuri a 1975,
Har yau 504 na ɗaukar buhunan masara.

Ba tsafi ba ne, bonet ɗinta na buɗuwa,
Abin da ya mutu mu narka alminiyam mu ƙera.

Wani kamfani a Amurka ya dasa wa makafi
Sama da 350 idon lantarki, aka yi ta bushara.

A 2019 ya daina yi, ya juya wani aikin,
Ido na cikin kai, babu wanda za a kira.

Ga amsarka, Baba: na ciki in ya sake ka,
Ba acaɓa, ba Panteka, sai zaman jira.

Noland ma wasu zaruruwan sun zame da farko,
Masu abin na kusa, suka sake masa dabara.

Da a Rigasa yake, ko a ƙauyen kakana,
Wa zai buɗe, wa ya san inda aka ɗaura?

Kogin Kaduna ke juya injinan Shiroro,
Megawat 600, mu a nan janareta ke ƙara.

In za a sa mini abin caji a ƙoƙon kai,
A fara ba ni wuta tsayayya in dogara.

Ban ce kar a yi ba, ku ji ni da kyau, a yi!
Sai dai a zo da sifanarsa a koya wa yara.

Ɗan Poly, bar ƙirga kwanakin 2045,
Kawo lissafinka rumfata gobe mu fara.

Mai Keke, Kawo

Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina dariya ni kaɗai. Kuna ta kai ruwa rana a kan abin da nake zaune a kansa.

Shan inna ta karɓe ƙafafuna ina goye,
Shekara goma ina rarrafe cikin ƙura.

Wani maƙeri ya lanƙwasa bututu ya sa taya uku,
Da hannu nake murzawa, na yi sallama da bara.

In ta yi faci, ni ne na yi targaɗe,
In wani ya tura ta, wallahi ni ya tura.

Malam ya ce hoton ƙwarya, na yarda da Malam,
Amma da ƙafar bututu nake zuwa sayen fura.

Agustan 2020 aka ce asalin ƙwayar ta bar Afirka,
Ɗigo biyu a baki ya kawo wannan nasara.

'Ya'yana uku da ƙafafunsu suke tsere,
Wa zai dube ni ya ce zamani asara?

In an kawo ƙafar ƙarfe mai jin umarnin kai,
Ɗan Poly ya matsa gefe, da ni za a fara.

Af, Maigida na Panteka, sarƙar kekena kullum tana zamewa a hawan gada. Nawa za ta ci?

Maƙerin Panteka

Kawo ta ranar Asabar da safe kafin rana ta yi zafi. Ina zaton haƙoran da sarƙar ke hawa ne suka cinye. Kuɗin shayin yara kawai za ka bayar.

Baba na Kakuri

'Yata ta Barnawa, wannan wayar kunnen da kika ambata, tana yi wa tsoho?

Ban janye maganata ba, ko kalma ɗaya,
Amma kiran asuba ban ƙi in ji da kunne biyu ba.

Nas ta Barnawa

Baba, wataƙila ma ba sai an kai ga tiyata ba. Akwai ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a bayan kunne, tana ƙara sauti. Amma a fara auna jin naka tukuna. Cibiyar kula da kunne ta ƙasa a nan Kaduna take. Ka sa jikan nan naka ya raka ka, ya rubuta duk abin da aka ce.

Jikar Hajiya, Malali

Na gode, iyayena. Bayan isha na karanta wa Hajiya baitocin duka. Ta yi wa Baba na Kakuri addu'a, ta ce a tambayi Mai Keke ko ya san masu ƙosai na bakin tasha, 'yan'uwanta ne. Da na zo kan tambayata ta farko, sai ta ce in rubuta nata:

Ki gaya musu idon nan duka nawa ne,
Da shi na ga jinjirin wata da matarsa Zara.

Da shi kuma na ga yanar gizo a kusurwar ɗaki,
Shekara huɗu ashe ba a yi mini shara.

Ta miƙo mini tsintsiya. Sai na dawo.